RIP ko OSPF: wanne za ka bari a kan rautocin da ka gada?

Wani ƙanena a sana'a ya same ni a shago bayan la'asar, da laftof a hammata. An ɗauke shi aiki a wani kamfanin rarraba kaya mai babban ofis a Kaduna kusa da titin Ahmadu Bello, da sito a Kakuri, da ƙaramin ofis a Barnawa, da shago a Kawo, da reshe a Zariya. Wanda ya haɗa musu netwok ɗin ya daɗe da barin aiki, ko takarda ɗaya bai bari ba. Yaron ya buɗe saitin babbar rautar ya nuna mini layin da ya hana shi barci: `router rip`. Ya ce, "Yaya, in bar shi yadda na tarar, ko in rushe in sa OSPF? Maigida ya ce tunda abu yana aiki kada in taɓa."

RIP da OSPF tsare-tsare biyu ne da rautoci, wato na'urorin da ke zaɓar wa bayanai hanya tsakanin ofisoshi, suke bi su sanar da juna hanyoyi. Kafin in ba shi amsa na miƙa masa biro na ce ya zana mini layukan. Tambaya ɗaya nake so zanen ya amsa: akwai ofishin da ake iya kaiwa ta hanya biyu? Kusan duk hukuncin yana rataye a nan. Zanensa ya nuna faiba daga babban ofis zuwa Barnawa, faiba daga Barnawa zuwa Kakuri, sannan tsohon rediyo a kan hasumiya da ke haɗa babban ofis da Kakuri kai tsaye, wanda aka bari domin ranar da faiba ta yanke. Kawo da Zariya kuwa layi ɗai-ɗai ne.

Mu fara da tsohon, domin ba a banza ya daɗe ba. Asalin RIP yana komawa ga aikin kamfanin Xerox a shekarun 1970, ya kuma bazu ta hanyar manhajar `routed` da ke zuwa da BSD Unix. Charles Hedrick ne ya rubuta ƙa'idarsa a takardar intanet mai lamba RFC 1058 a 1988. Siga ta biyu ta zauna da gindinta a RFC 2453 a 1998. Aikinsa kamar labarin fatake ne: kowane daƙiƙa 30 rauta takan karanta wa maƙwabtanta duk teburin hanyoyinta, ta ce wuri kaza zango biyu ne daga nan, wuri kaza zango uku. Maƙwabciyar ta ƙara ɗaya a kai ta isar wa na gaba. Babu rautar da ta san surar netwok ɗin, kowace da abin da aka faɗa mata take aiki. Iyakar zango 15 ne, 16 na nufin ba a zuwa.

OSPF kuma, wanda John Moy ya jagoranci rubuta shi, ya fara fitowa a 1989, sigar da muke amfani da ita a tsarin adireshi na IPv4 tana RFC 2328 na 1998. Ka lura ba yaro ba ne shi ma. Bambancinsa shi ne kowace rauta tana bayyana layukan da ke jikinta ne kawai, bayanin ya zaga ko'ina ba tare da an canza shi ba, har kowa ya mallaki taswira iri ɗaya. Daga nan kowace ta zauna ta yi nata lissafin da dabarar Dijkstra ta gano hanyar da ta fi dacewa. A nan gani ya kori ji, kuma daga wannan bambancin sauran duka suka tsiro.

Yanzu koma kan zanen yaron nan. Daga babban ofis zuwa Kakuri, rediyo zango ɗaya ne, faiba ta Barnawa zango biyu. RIP ba ya tambayar faɗin layi, ƙidaya kawai ya sani. Saboda haka duk bayanan sito, da manhajar lissafin kaya, da kyamarori, suna matsuwa ta tsohon rediyon, faibar da ake biyan kuɗinta duk wata tana kwance. Kamar direban da zai tashi daga Kawo zuwa Kakuri ne ya ƙi bin titin Nnamdi Azikiwe don ya fi tsawo, ya kutsa tsakiyar gari da yamma lokacin tashi daga aiki. Da muka duba `show ip route` haka muka gani, harafin R na RIP da `[120/1]`, wato zango ɗaya, yana nuni ga ƙafar rediyo, wato wurin da wayar rediyo ke shiga jikin rauta. Ma'aikatan sito sun daɗe suna kukan netwok ba ya sauri, ana ɗora laifin a kan kwamfutocinsu.

Ana iya yi wa RIP dabara a nan. Umarnin `offset-list` yana ƙara wa hanya zangon ƙarya, ka ce duk abin da ya shigo ta rediyo a ƙara masa uku. Yana aiki. Amma daga cikin 15 ɗin nan kake cirewa, kuma duk wanda ya gaje ka sai ya yi ta kai-komo kafin ya gane dalilin da hanya mai zango ɗaya take nuna huɗu.

Sai dai gaskiya ɗaya da masu yabon OSPF ba su cika faɗa ba: in ka sa shi ka tafi ba tare da ka gyara farashi ba, wato lambar da yake auna kowane layi da ita ya zaɓi hanya mafi arha, zai iya tafka kuskuren nan sak. A rautocin kamfanin Cisco, farashin layi shi ne megabit 100 a raba da saurin ƙafar rauta, kuma ba ya sauka ƙasa da 1. Ke nan ƙafa mai megabit 100 da mai gigabit 1 duk farashinsu 1 ne. Ga kuma wata: rautar ba ta ganin iskar da rediyo ke ratsawa, wayar da ke tsakaninta da akwatin rediyon take gani. In wayar ta ce megabit 100, to a wurinta layin megabit 100 ne, ko da abin da ke wucewa a zahiri bai kai kashi ɗaya cikin biyar ba. Sai lissafi ya fito rediyo 1, faiba 2, a koma gidan jiya. Maganin layi biyu ne: `auto-cost reference-bandwidth 10000` a kan kowace rauta ba tare da tsallake ko ɗaya ba, sannan `ip ospf cost 500` a ƙafar rediyo ta kowane ɓangare. Da haka faiba mai gigabit ta zama 10 a kowane zango, 20 zuwa Kakuri, rediyo ya koma matsayinsa na ko-ta-kwana. A rautocin MikroTik ma da hannu ake sa farashin. Fifikon OSPF a nan shi ne ya ba ka ma'aunin da kai za ka tsara, mai faɗi, ba ƙidaya 15 ba.

Abu na biyu, wanda a ganina ya fi na farko nauyi a garin nan, shi ne tsawon lokacin da ake ɗauka kafin a gane hanya ta mutu. A littafi layi yakan mutu sau ɗaya a shekara. A Kaduna wuta takan ɗauke, kafin a ta da janareta batirin da ke reshe ya ƙare. Masu aikin titi ko masu haƙa magudanar ruwa su datse faiba. Da damina hadari ya taso, iska ta karkatar da kwanon rediyo. In ƙafar rautar ce da kanta ta mutu, RIP yana aika sanarwar gaggawa nan take, babu laifi. Matsalar ita ce yawanci ba haka take faruwa ba. Faibar ta yanke a can tsakiya, amma ƙaramin akwatin da ke juya haske zuwa waya yana kunne a ofis, fitilar ƙafar rauta kore shar. Rautar ba ta san komai ba sai shirun maƙwabciya ya yi tsawo. RIP yana jira daƙiƙa 180 kafin ya ce hanyar ta lalace, a Cisco kuma ba ya share ta daga tebur sai daƙiƙa 240 sun cika. Minti uku zuwa huɗu ke nan ana zuba fakitin bayanai a rami. Ka tuna mai karɓar kuɗi a shagon Kawo, ga layin mutane, ga manhaja ta tsaya.

OSPF yana gaisawa da maƙwabci kowane daƙiƙa 10, in an yi 40 babu amsa ya yanke hukunci ya sake lissafi. Ana iya rage wannan zuwa gaisuwa kowace daƙiƙa ɗaya, ko a haɗa shi da BFD, wani tsarin sa ido a kan layi, a gane mutuwar layi cikin ƙasa da daƙiƙa. A kan faiba ina yin haka ba tare da fargaba ba. A kan rediyo kuwa ba na gaggawa, domin layin da ke ɗaukewa yana dawowa lokacin ruwan sama zai sa duk rautocin yankin su yi ta sake lissafi. Gara a bar shi a 10 da 40. Ana iya rage lokutan RIP ma da `timers basic`, amma dole su zama daidai a ko'ina, kuma ba ya kawar da asalin cutar, wato labarin da ya mutu yana iya zagayowa ya dawo a matsayin sabo, rautoci su yi ta ƙara ɗaya a kai har su kai 16. Duk dabarun da aka ƙara masa, kamar hana mayar da labari ta ƙofar da ya shigo, don rage wannan aka yi su.

Akwai hujjar da ake yawan kawowa wadda ban ɗauke ta da nauyi ba, cewa RIP yana cinye layi. Saƙonsa ɗaya yana ɗaukar hanyoyi 25, kowace baiti 20. Mai hanyoyi 200 zai aika saƙo 8 a rabin minti. A zamanin layin tarho da tauraron ɗan'adam mai tsada wannan abin dubawa ne, yau ba shi ne zai sa ka canza ba. Haka iyakar zango 15: kamfani mai rassa biyar ba zai taɓa kusantarta ba.

Inda RIP ya yi zarra shi ne sauƙi, kuma ba ƙaramin abu ba ne. Ga duk abin da ake buƙata:

```
router rip
 version 2
 no auto-summary
 network 10.0.0.0
 passive-interface default
 no passive-interface FastEthernet0/1
```

Amma kowane layi a nan yana da dalili, kuma a rautocin yaron nan biyu daga ciki babu su. In ba ka rubuta `version 2` ba, Cisco tana aika siga ta ɗaya ne, tana karɓar duka biyun. Siga ta ɗaya ba ta ɗaukar mas na sabnet, wato lambar da ke nuna girman kowane rukunin adireshi, tana shelanta saƙonta ga kowa a 255.255.255.255, kuma ba ta da kalmar sirri ko kaɗan. Ta biyu tana aikawa ga 224.0.0.9, tana ɗaukar mas, tana karɓar kalmar sirri ta hanyar MD5. Shi kuwa `no auto-summary`, rashinsa yana haifar da wata cuta mai rikitarwa. A ce Kawo tana da 10.1.1.0/24, Zariya tana da 10.1.2.0/24, layukan da suka haɗa su da babban ofis kuma suna cikin 192.168. Kowace za ta dunƙule adireshinta ta ce ita ce mai 10.0.0.0/8 gaba ɗaya. Babban ofis ya ga hanya biyu masu zango ɗaya zuwa wuri guda, sai ya raba kaya tsakaninsu. Wani haɗin ya tafi, wani ya ɓace, kai kuma ka hau hasumiya kana neman laifin rediyo. Ka kuma sani cewa ko ka rubuta `network 10.1.1.0`, rautar za ta mayar da shi 10.0.0.0, ta kunna RIP a kan duk ƙafar da adireshinta ya fara da 10. Shi ya sa ake rufe bakin kowace ƙafa sannan a buɗe waɗanda ake so. Ko an rufe ɗin, a RIP aikawa kawai take dainawa, tana ci gaba da saurare. Duk wanda ya jona wata na'ura a ofis yana iya cusa maka hanyar ƙarya in ba ka sa `key chain` da `ip rip authentication mode md5` ba. Ƙafar da ke fuskantar intanet kuwa kada ta amsa komai a UDP 520, ƙofar da saƙon RIP ke bi. A 2015 kamfanin Akamai ya yi gargaɗin cewa ana amfani da tsofaffin rautoci masu siga ta ɗaya wajen kai wa wasu harin ambaliyar fakiti.

OSPF ya fi neman natsuwa. Kafin rautoci biyu su zama maƙwabta sai sun yarda a kan lambar yanki (OSPF yana kasa rautoci yanki-yanki), da sabnet da mas, da lokutan gaisuwa, da kalmar sirri, kuma lambar shaidar kowace ta bambanta. Abubuwa biyu na fi cin karo da su. Na farko, mutum ya kwafi saitin reshe ɗaya ya zuba a wani, `router-id`, wato lambar shaidar, ya zama iri ɗaya. Na biyu, girman fakiti, wato MTU, ya saɓa, musamman inda reshe irin na Zariya ke zuwa ta ramin GRE, wato keɓaɓɓiyar hanya da aka shimfiɗa a kan layin kamfanin intanet. Sai ka ga `show ip ospf neighbor` ya tsaya a EXSTART ko EXCHANGE ya ƙi kaiwa FULL. Abin da nake so game da shi ke nan: in ya ƙi aiki yana nuna maka matakin da ya tsaya. RIP bai san maƙwabtaka ba, in ya lalace shiru kawai za ka ji, sai ka kunna `debug ip rip` ka zauna jira. Kada kuma maganar rarraba yankuna ta tsorata ka. Rauta biyar, goma, ashirin, duk ka zuba su a yanki 0. Tsofaffin rautocin Cisco 1841 da 2811 da ake sayowa na hannu suna ɗaukar wannan ba tare da nishi ba. A layin da rauta biyu ne kawai, ka sa `ip ospf network point-to-point` ka huta da zaɓen shugaba da mataimaki da OSPF ke yi tsakanin rautocin da ke kan layi ɗaya.

Akwai batun wanda zai gaje ka. Tun Fabrairun 2020 da Cisco ta fito da jarrabawar shaidar ƙwarewa ta CCNA mai lamba 200-301, saitin OSPF mai yanki ɗaya ne a manhajar, an cire saitin RIP. Yaran da ke fitowa yanzu daga makarantu da cibiyoyin koyon sana'a OSPF suka yi wa atisaye. Sauƙin da RIP ke taƙama da shi yana raguwa a duk shekarar da masu saninsa suka ragu. In kuma wata rana aka zo maganar sabon tsarin adireshi na IPv6, RIP na biyu ba ya ɗaukarsa, sai RIPng, OSPF ma sai siga ta uku, don haka kowanne ka riƙe akwai sabon aiki.

EIGRP, tsarin da Cisco ta ƙirƙira, fa? Yana da sauri, saitinsa ya kusa na RIP sauƙi, Cisco ta wallafa bayaninsa a RFC 7868 a 2016. In duk kayanka Cisco ne kuma haka za su zauna, zaɓi ne mai kyau. Amma ban san ofisoshi da yawa a garin nan da suka tsaya a kan kamfani ɗaya ba. Ranar da rautar reshe ta ƙone, abin da ke kasuwa kuma aljihu zai iya shi ake saye, sau da yawa MikroTik, ita kuwa ba ta jin EIGRP. OSPF kowa yana jinsa, Cisco da MikroTik da Huawei da Juniper.

Ga Kawo da Zariya na ce masa kada ya wahalar da kansa. Reshen da ƙofarsa ɗaya ce ba shi da abin zaɓa. Layi ɗaya na `ip route 0.0.0.0 0.0.0.0` zuwa babban ofis, da layi ɗaya a babban ofis mai nuni ga reshen, sun wadatar, babu abin da zai lalace. Ranar da aka ƙara musu layi na biyu sai a shigar da su OSPF. Wanda duk netwok ɗinsa haka yake, rassa kowanne da igiya ɗaya zuwa tsakiya, kuma RIP na biyu yana tafiya lafiya da kalmar sirri, to maigidansa yana da gaskiya, babu gaggawar taɓawa. Da tsohuwar zuma ake magani, in dai cutar irin tata ce. Wuri na biyu da nake barin RIP shi ne inda wata tsohuwar na'ura, ko akwatin da wani kamfani ya girka ba ka da ikon canza shi, ba ta jin wani yare sai shi. A nan sai a killace shi a ƙafa ɗaya ta rauta ɗaya, a tura masa hanyar fita kawai da `default-information originate`, a kwaso nasa hanyoyin zuwa OSPF da `redistribute rip subnets`. Kada a yi musayar ta ɓangare biyu a wurare biyu, nan ne hanyoyi ke fara zagaye. In dole sai an zuba na OSPF cikin RIP, a tuna da rubuta `metric`, in ba haka ba RIP zai ɗauke su a matsayin waɗanda ba a kaiwa.

Triangle ɗin babban ofis da Barnawa da Kakuri kuwa, wato kusurwa ukun nan masu hanya biyu, OSPF ne ya dace da su, kuma ba sai an rushe komai a dare ɗaya ba. Cisco tana ba kowane tsari lambar amincewa, ƙarama ta fi: RIP 120, OSPF 110, EIGRP 90, hanyar da aka rubuta da hannu 1. In ka kunna OSPF haka kawai zai ƙwace tebur nan take. Don haka ka fara da `distance 130` a ƙarƙashin `router ospf 1`, ya yi ta gina taswirarsa a gefe RIP yana ci gaba da jan kaya. Ka duba maƙwabta sun kai FULL, ka duba `show ip ospf database` ka tabbatar kowane sabnet ya bayyana. Hattara ɗaya: rauta tana fifita adireshi mafi tsawon mas kafin ta dubi lambar amincewa, saboda haka in RIP yana dunƙule adireshi OSPF kuma yana kawo su dalla-dalla, na OSPF za su shiga tebur ko da 130 ɗin. Shi ya sa ake gyara `version 2` da `no auto-summary` tukuna. A Huawei lambobin daban ne, OSPF 10, RIP 100, hanyar hannu 60, kada ka ɗauki lissafin Cisco ka kai can.

Da ya koma wurin maigidansa, na ce kada ya yi masa maganar Dijkstra. Ya ce, "Yallaɓai, faibar da muke biya ba ta ɗaukar kayan sito, kuma in layi ya yanke muna asarar minti huɗu maimakon ƙasa da ɗaya." Aka ba shi ranar Lahadi bayan azahar, lokacin da sito ke rufe. Kafin ya taɓa kowace rauta ta nesa ya ajiye kwafin saitinta, ya rubuta `reload in 15`, domin in ya kulle kansa a waje ta sake tashi da tsohon saiti ba sai ya tsallaka kogi ba. Ya cire `distance 130` ɗaya bayan ɗaya, haruffan R suka koma O, hanyar Kakuri ta koma ta Barnawa. Sannan ya sa mai gadin Barnawa ya zare faibar daga akwatinta yana kallon agogo, hanya ta koma rediyo kafin minti ya cika. RIP ya bar shi kunne mako guda a ƙarƙashi, Lahadi ta gaba ya rubuta `no router rip`, ya zana taswirar a takarda ya manna a cikin ƙofar akwatin rautocin.